DARASIN LAFIYA: Makin Da Ake Bai Wa Abinci Kan Ciwon Sukari, Har Ina Za Mu Dogara Da Shi?

  Darasinmu na wannan fitowa ya shafi tukunya ne, kuma ya shafi rai. A yau da wuya a sami wata a cikinmu, ko a Kazaure take ko Babura, ko Roni ko Gwiwa, wadda ba ta san mai ciwon sukari ba: ko maigida, ko uwar miji, ko mahaifi, ko ita kanta. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 manya miliyan 589 ne ke ɗauke da shi. A nan gida kuma, wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka fitar a 2018 ya nuna kusan mutum 6 cikin 100 a Nijeriya, da kimanin 3 cikin 100 a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma.

Da zarar likita ya ce wa maigida sukarinsa ya hau, to nauyin a kan uwargida yake sauka, domin ita ke riƙe da ludayi. Nan da nan za a fara turo miki jerin abinci ta WhatsApp, kowanne da lamba a gefensa: wannan 70 ne, a guje shi; wancan 40 ne, a ci a ƙoshi. Maƙwabciya ta ce, "Ai alkama ce maganin suga." Wata ta ce, "A'a, acca za ki nemo masa." Sai ki ga an bar geron da ke rumbu ana kashe kuɗi a kan abin da ba a noma ba, an ware wa dattijo tukunyarsa shi kaɗai, yana ci yana ƙunci. Mafi muni, wani ya ajiye maganin asibiti wai tunda ya koma cin abinci mai ƙaramar lamba ai ya warke. Saboda haka ya zama wajibi mu san daga ina waɗannan lambobi suka fito, yaya ake awonsu, kuma har ina gaskiyarsu ta tsaya.

ME KE FARUWA IDAN MUN CI ABINCI?

Gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, rogo da dankali, dukkansu abinci ne masu sitaci. Idan suka shiga ciki, hanji yana narkar da sitacin ya mayar da shi wani sukari da ake kira gulukos, shi kuma ya wuce cikin jini. Wato ko ba ki sa sukari ko cokali ɗaya a girkinki ba, tuwon da kika ci sukari zai zama. Wannan ba cuta ba ce, da shi jiki ke samun ƙarfi.

Akwai wata 'yar gaɓa mai tsawo da ke kwance a bayan tumbi, likitoci suna ce mata fankiriyas. Ita ke fitar da wani sinadari mai suna insulin, wanda aikinsa kamar na ɗan mabuɗi ne: yana buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka da hanta. Idan insulin ya yi kaɗan, ko kuma yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini. Shi ne ciwon sukari. Idan aka bar shi a sama shekara da shekaru yana taɓa ido, da ƙoda, da zuciya, da jijiyoyin ƙafa.

DAGA INA MAKIN YA FITO?

A shekarar 1981, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, inda aka gano insulin tun 1921, wani likita mai suna David Jenkins da abokan aikinsa suka fito da dabarar bai wa abinci maki gwargwadon yadda yake ɗaga sukarin jini. A wannan darasi za mu kira shi makin sukari.

Ga yadda ake yi. A tara mutane masu lafiya, aƙalla 10, su kwana ba su ci komai ba. Da safe a ba kowa abincin da ake son gwadawa, shi kaɗai, gwargwadon abin da ke ɗauke da giram 50 na sitaci ko sukari. Sai a riƙa tsira musu yatsa ana auna jini lokaci bayan lokaci har awa 2. A wasu ranakun kuma a ba su ruwan gulukos zalla mai giram 50 a auna. Shi gulukos an ba shi maki 100, sai a kwatanta. A ƙarshe a haɗa makin mutanen duka a raba, abin da ya fito shi ake rubutawa. Maki 55 zuwa ƙasa ƙarami ne, 56 zuwa 69 matsakaici, 70 zuwa sama babba.

A babban jadawalin da masana na Jami'ar Sidni ta Ostireliya suka fitar a 2008, farin burodi ya sami 75, dafaffiyar farar shinkafa 73, faten gero irin wanda aka gwada 67, sukarin shayi 65, zuma 61, taliyar Turawa 49, dabino 42, madara 39, jan wake 24, kankana kuwa 76. A 2021 aka sake faɗaɗa jadawalin ya haura abinci 4,000, mafi yawansu an auna su ne a Ostireliya, Turai, Amurka da Asiya.

Tun daga nan, 'yar uwa, ki lura da abu biyu. Na farko, burodin da aka yi da garin alkama wanda ba a cire wa dusa ba ya sami 74 a wannan jadawali, farin burodi 75. Tazarar maki ɗaya tak! To ina maganar cewa alkama magani ce? Idan an niƙe ta ta yi laushi, sitacinta ba ya jira. Na biyu, cakulan ya sami 40, askirim 51, duk sun fi faten gero ƙaramin maki. Shin akwai mai hankalin da za ta ce a hana Baba gero a ba shi cakulan? Maiƙon da ke cikinsu ne ya rage saurin narkewa, ba wai sun fi lafiya ba. Ashe ƙaramin maki ba shi ne shaidar abinci na gari ba.

INDA AWON YAKE TANGARƊA

Na ɗaya: ba a taru an zama ɗaya ba. Mu da muke koyarwa mun san wannan. Idan aka ce matsakaicin makin aji a jarrabawar tajwidi 62 ne, wannan bai nuna kowace ɗaliba 62 ta ci ba. Wata 35 ta samu, wata ta kusa cinyewa. Haka abin ya fito a binciken da Jami'ar Tufts ta Amurka ta wallafa a 2016. An gwada farin burodi iri ɗaya a kan mutum 63 masu lafiya, an maimaita wa kowa gwajin. Matsakaicin maki ya tashi 62, amma a tsakaninsu akwai mai 35, akwai mai 103. Ga mutum 22 burodin ƙaramin maki ya nuna, ga mutum 23 matsakaici, ga mutum 18 babba. Burodi ɗaya, hukunci uku. A 2020 kuma masana a birnin Landan suka gwada mutum fiye da 1,000, cikinsu har da tagwaye masu kama ɗaya, aka ga Hassana da Husaina ma suna iya cin abu ɗaya jininsu ya nuna daban.

Na biyu: mutum ɗaya ma, yau daban gobe daban. A wancan bincike na Tufts, makin mutum ɗaya yana sauyawa da kimanin kashi 20 cikin 100 daga gwaji zuwa gwaji. A farkon 2025 masana a babbar cibiyar binciken lafiya ta Amurka suka fitar da sakamakon mutum 30 da aka kwantar a asibiti, ana dafa musu abinci da awo, an liƙa musu 'yar na'urar da ke auna sukari dare da rana. Da aka maimaita musu abinci iri ɗaya bayan kimanin mako guda, bambancin da aka gani ya yi kusa da wanda ake gani idan abinci daban-daban aka ci. Dalilan suna da yawa: ƙarancin barci, damuwa, zazzaɓi ko wani ciwo, abin da aka ci jiya da dare, ko an motsa jiki ko an kwanta bayan cin abinci, da lokacin al'ada ko juna biyu. Har ila yau, ƙwayar deksa da wasu mata ke sha don su yi ƙiba tana ɗaga sukari ƙwarai, tana ma iya jawo ciwon ga wadda ba ta da shi. Don Allah a kiyaye.

Na uku: suna ɗaya, tukunya daban. Idan jeri ya ce "gero 67", wane geron? Biski mai tsaki-tsaki, ko tuwon gari mai laushi, ko kunun da aka tace aka zuba wa sukari, ko fura? Ƙa'idar ita ce: duk yadda aka ƙara surfe, aka ƙara niƙa, aka ƙara dahuwa har ya yi luguf, to haka sitaci ke ƙara saurin shiga jini. Shinkafa ma haka. Wadda aka turara tun tana shanshera kafin a kai ta inji, aka dafa ta warwara, yawanci ta fi jinkiri a kan shinkafar tuwo da aka dafa ta yi ligif aka tuƙe da muciya. A jadawalin duniya akwai shinkafar da makinta bai kai 55 ba, akwai wadda ta haura 90. Ayaba ɗanya da wadda ta nuna ta yi ɗigo-ɗigo ba ɗaya ba ne. Abinci mai sitaci da ya huce ya kwana, kamar ɗumamen tuwo, wani ɓangare na sitacinsa yana taurarewa ya ƙi narkewa da wuri, sai dai ragin kaɗan ne, kada a mayar da ɗumame magani. Ke kin san kwanon awo ma na wannan mai hatsi ba lallai ya zo daidai da na wancan ba, balle lambar da aka auna a Sidni a ce ita ce ta tukunyarki a Gwiwa.

Na huɗu: ba ma cin tuwo gaya. Su masu gwaji abinci ɗaya suke bayarwa tsurarsa, cikin da babu komai. Mu kuwa tuwo da miya muke ci. Yauƙin kuɓewa da kuka, ganyen zogale, rama, alayyafo da tafasa, wake, gyaɗa, kifi, nama da mai, da tsamin nono ko tsamiya, duk suna rage saurin da abinci ke barin tumbi ya narke. Shi ya sa garau-garau mai wake da yawa ba zai yi daidai da farar shinkafa da mai da yaji ba, ko da shinkafar buhu ɗaya ce.

Na biyar, wanda ya fi duka muhimmanci: makin bai san yawan abin da kika zuba ba. Kankana ta sami 76, ta fi shinkafa. Amma kusan duk ruwa ce. Kafin mutum ya haɗa giram 50 na sukari daga kankana sai ya ci giram 700 ko fiye. Don gyara wannan ne masana a Jami'ar Harvard suka kawo wani lissafi a 1997, mu kira shi nauyin sukari: ki ninka makin da yawan sitacin da ke cikin abin da aka ci, ki raba da 100. Yankan kankana ɗaya mai sukari giram 8, nauyinsa kimanin 6 ne. Ƙaramin farantin shinkafa mai giram 150, wanda ke ɗauke da sitaci kusan giram 42, nauyinsa ya kai 30. Daga 10 zuwa ƙasa shi ne mara nauyi, daga 20 zuwa sama mai nauyi. To idan aka ƙara faranti na biyu fa? Ki gane, malmala uku ta tuwon alkama ko acca ta fi malmala ɗaya ta tuwon dawa ɗaga sukari nesa ba kusa ba.

AWON INSULIN FA?

Wasu jerin da ke yawo suna kawo wata lamba ta daban, wai makin insulin. Shi ma yana da asali. A 1997 Susanne Holt da Jennie Brand-Miller na Jami'ar Sidni suka gwada abinci 38 a kan ƙananan rukunoni na mutum 11 zuwa 13 masu lafiya, suna auna yawan insulin da jiki ke fitarwa cikin awa 2, suna kwatantawa da farin burodi. Suka gano cewa naman sa da kifi, waɗanda kusan babu sitaci a cikinsu, su ma suna sa jiki ya fitar da insulin, kuma yogot yana fitar da shi fiye da yadda makin sukarinsa ya nuna.

Wannan ilimi ne mai amfani ga masu bincike, amma ga uwargida akwai hattara uku. Abincin da aka auna ta wannan hanya kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na makin sukari. Sannan insulin ba a auna shi a gida, sai a ɗakin gwaji, kuma ɗakunan gwajin ma hanyoyinsu ba ɗaya ba ne, jini ɗaya yana iya ba da lamba daban a wurare biyu. Na uku, jikin mai lafiya da aka gwada ba irin na mai ciwon sukari ba ne, wanda insulin ɗinsa ya ragu ko ya daina aiki sosai. Saboda haka duk wanda ya ce miki a hana maigida nono ko kifi don makin insulin ɗinsu babba ne, ya yi wa ilimin gurguwar fahimta. Matsalar fura da nono ba nonon ba ne, yawan furar ne da sukarin da ake antayawa.

TO, A WATSAR DA MAKIN KE NAN?

A'a. Masanan da suka ƙirƙiro shi suna da hujjarsu. Sun ce makin sifa ce ta abinci, ba ta mutum ɗaya ba, kuma idan aka bi ƙa'idar awo da hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta shimfiɗa a 2010, yana iya bambance abinci mai saurin ɗaga sukari da mai jinkiri. A 2021 shi Jenkins da abokansa suka wallafa binciken mutum 137,851 a nahiyoyi biyar, wanda ya nuna cewa waɗanda abincinsu na kullum ya fi babban maki sun fi haɗuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ga yadda za ki haɗa maganganun biyu. Idan tazarar babba ce, kamar wake mai 24 da burodi mai 75, ki yarda da ita, gaskiya ce ga kusan kowa. Idan kuwa tazarar ƙarama ce, kamar 62 da 68, kada ki sauya cefanen gidanki a kanta, domin kuskuren awon ma ya fi wannan tazara faɗi. Makin yana nuna miki hanya ne, ba ya yanke hukunci a kan kwanon maigidanki.

NA'URAR GIDA ITA MA TANA DA NATA

Da yawa yanzu sun mallaki 'yar na'urar awon sukari, kuma abu ne mai kyau. Sai dai ki san iyakarta. Ƙa'idar duniya ta 2013 ta yarda na'ura mai kyau ta kauce da kashi 15 cikin 100 sama ko ƙasa idan sukari ya kai 100 ko ya wuce. Wato idan ainihin sukarin 200 ne, tana iya nuna 170, tana iya nuna 230, kuma ba ta lalace ba. Don haka idan jiya bayan tuwon masara kin ga 165, yau bayan na dawa kin ga 155, wannan bai isa a ce dawa ta fi masara ba. Ga abubuwan kiyayewa:

1. A wanke hannu da ruwa da sabulu a tsane shi sosai. Yatsan da ya taɓa mangwaro, dabino, rake ko alkaki yana ba da lamba babba ta ƙarya; wanda bai bushe ba bayan alwala kuma yana iya rage ta.

2. Tsinken gwaji ba ya son zafi ko laima. Yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana haura 40. Kada a bar su a mota, ko kan taga, ko kusa da murhu. A nemi wuri mafi sanyi a ɗaka, a rufe kwalbar da zarar an ɗauki ɗaya, a duba ranar ƙarewar aikinsu.

3. A san irin lissafin na'urar. Wata tana nuna manyan lambobi kamar 126, wata ƙanana kamar 7.0. Abu ɗaya ne. Idan kin raba babbar da 18 za ki sami ƙaramar.

4. Ƙarancin jini mai tsanani yana iya sa na'urar ta yi kuskure.

5. Kowa da allurar tsira yatsansa. Yin tarayya a kanta yana yaɗa ciwon hanta.

6. Na'urar gida ba ta yanke hukuncin cewa mutum yana da ciwon. Wannan aikin asibiti ne: sukarin safe kafin karyawa 126 ko fiye, ko 200 ko fiye awa 2 bayan shan ruwan gulukos na gwaji, kuma yawanci sai an maimaita. Akwai wani gwajin da ke nuna matsakaicin sukari na kimanin wata 3, wanda 6.5 zuwa sama ke nuna ciwon, amma ba a dogara da shi ga mai sikila, ko mai ƙarancin jini, ko wadda ba ta daɗe da ƙarin jini ba. A gaya wa likita idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan.

YADDA ZA KI GWADA ABINCIN GIDANKI

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Tunda tsinken gwaji kuɗi ne, ba kowane abinci za ki gwada ba. Ki zaɓi wanda aka fi ci a gidan, misali tuwon dare. Ki ware littafin rubutu guda. A auna kafin a fara ci, a sake aunawa awa 2 daga lomar farko. Ki rubuta rana, da lokaci, da irin tuwon, da malmala nawa, da miyar, da ko an sha magani, da ko an taka bayan ci. Ki maimaita haka a ranaku uku daban, domin kin ga dai awo ɗaya ba shaida ba ne. Bayan nan ki sauya abu ɗaya kacal, kamar rage malmala biyu zuwa ɗaya da rabi tare da barin miya yadda take, ki sake gwadawa sau uku. Idan kika sauya abu uku a lokaci guda ba za ki san wanne ya yi aikin ba.

Ga yawancin manya masu ciwon, abin da likitoci ke nema shi ne 80 zuwa 130 kafin ci, da ƙasa da 180 bayan ci, amma likitan da ke duba mutum shi zai faɗi nasa adadin, musamman ga tsofaffi da masu juna biyu. Ranar ganin likita, ko a Babban Asibitin Kazaure ko na Babura ko asibitin da ke kusa da ku, a tafi da littafin da na'urar. Littafin nan ya fi kowane jerin WhatsApp faɗa wa likita gaskiyar gidanku.

Wadda ba ta da na'ura kuwa kada ta karaya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ki raba faranti a idonki: rabi ganye da kayan lambu, kamar kwaɗon zogale, rama, kabeji, kuɓewa, tumatir da yalo, waɗanda masu noman rani a bakin dam ɗin Kazaure da fadamunmu ke kawowa kasuwa, kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai, awara ko nama, sauran kashi ɗayan tuwo ko shinkafa, kamar dunƙulen hannun mai ci. A rage surfe, a bar gari da ɗan tsaki. Lemon kwalba, da zoɓo ko kunun zaƙi masu sukari, da shayi mai cokali uku, su ne farkon abin da za a sallama, domin abin sha mai zaƙi ba ya jiran narkewa. Zuma da mazarƙwaila su ma sukari ne a wajen jini. Bayan ci kuma a ɗan taka na minti 10 zuwa 15, ko da a tsakar gida ne. Irin wannan girki duk gidan za su iya ci, ba sai an ware wa Baba tukunyarsa kamar an yi masa horo ba. Idan za ki rage masa tuwo, ki yi da lallashi: "Baba, ga miyar nan na ƙara maka, ka ci da kifin, idan ba ka ƙoshi ba ga kwaɗo."

AZUMI DA JUNA BIYU

Ƙa'idojin da ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta fitar tare da likitoci masana azumin Ramadan a 2016, aka sabunta su a 2021, sun bayyana cewa tsira yatsa don awon sukari ba ya karya azumi, kuma malamai sun tafi a kan haka. Sun ce mai ciwon ya sha ruwa nan take idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko ya ji rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri ko ruɗewa. Idan ya sauka, a nan ne abu mai saurin ɗaga sukari yake zama ceto: a ba shi ruwan sukari ko rabin kofin lemo, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti. A ga likita makonni kafin watan ya kama don a daidaita magani. A buɗa-baki kuma, dabino makinsa ƙarami ne amma sukarinsa a cushe yake; ɗaya zuwa uku daban, cika tafin hannu daban, balle a bi shi da kunu mai zaƙi, da soyayyen dankali, da shinkafa a zama ɗaya.

Ke kuma mai juna biyu, akwai ciwon sukarin da ciki ke zuwa da shi, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Ana gwada shi tsakanin mako na 24 da na 28. Ki tambaya a wajen awo, musamman idan kin taɓa haifar jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye, ko akwai ciwon a danginku. An ce jiki magayi, amma a wannan ciwo jiki yakan yi shiru shekaru yana ɓarna.

KAMMALAWA

'Yar uwa, abin da nake so ki riƙe shi ne wannan. Lambar da ke gefen sunan abinci matsakaicin awon wasu mutane kaɗan ne, a wata ƙasa, da wata tukunya. Ki amfana da ita wajen sanin cewa wake da ganye sun fi burodi da lemo, amma kada ki sayar da geronki don sayen abin da aka ce makinsa ya fi da ɗigo biyar. Yawan abin da aka zuba, da yadda aka dafa, da abin da aka haɗa da shi, da awon da aka maimaita aka rubuta, su ne a hannunki. Magani kuma, ko ƙwaya ko allura, ba a ajiye shi ko a rage shi sai da umarnin likita, komai kyawun lambar da aka gani. Lafiya amana ce, kuma wadda ke tsaye a kan murhu tana da babban rabo a ladan kiyaye ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a abincinmu da zuriyarmu, Ya amfanar da mu da abin da muka karanta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.